Kotunan iyayen ƙasa a tsohuwar Ingila: takardun wacce za ka ɗora bincikenka a kansu?

Ɗalibin tarihi ko na shari'a da ya ƙudurta yin kundin digiri na biyu a kan yadda ake shari'a a ƙauyuka da garuruwan Ingila a ƙarni na 13 da na 14, nan da nan zai iske kotunan sun fi ƙarfin kundi ɗaya. Sarki na da nasa kotunan, coci na da nata, sannan a ƙarƙashinsu akwai dubban kotuna na masu ƙasa da na birane. Kowace ta bar irin nata takardun, kuma wanda ya ɗauki waɗanda ba su dace da tambayarsa ba sai ya ci wata shida yana karatu kafin ya gane ya ɓata hanya. Iri huɗu ne suka cancanci a auna su: takardun kotun mano, na zaman duba lamuni da kotunan gunduma, na kotunan birane da kasuwannin shekara, sai na binciken da sarauta ta yi a kan ikon masu ƙasar su kansu.

Kafin a shiga, ga wani sauƙi da Bahaushe ke da shi. Kuɗin da ke cikin takardun nan su ne waɗanda kakanninmu suka kashe a Nijeriya har zuwa 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Tarar da aka fi gani a kotun ƙauye taro ce ko sisi. Abin da zai zama baƙo shi ne mak, wanda ba tsabar kuɗi ba ne, lissafi ne kawai na sule 13 da kwabo 4.

Ma'aunai

Na farko tsada: za ka iya kaiwa ga takardun daga inda kake zaune, ko sai da biza da tikitin jirgi da kuɗin ɗaukar hoto? Na biyu ɗorewa: shekaru nawa suka tsira a jere ba tare da giɓi ba, domin wanda ke son nuna sauyi ba zai iya da takardar shekara uku ba. Na uku sauƙin karatu. Kusan duk takardun da Latin aka rubuta su, kuma haka aka ci gaba har 1733 in ban da 'yan shekaru a zamanin mulkin Cromwell, a shekarun 1650, Latin ɗin ma a gajarce, da hannun magatakarda mai sauri. Na huɗu haɗari, wato irin kuskuren da takardun kan jefa mai karatu a ciki bai sani ba. Wannan na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi rainawa, kuma a kansa ake kayar da su ranar kare kundi.

Kotun mano

Mano ita ce ƙasar ubangida guda tare da manoman da ke zaune a kanta, wasu masu 'yanci, wasu kuma bilen, waɗanda ke ɗaure da ƙasar, suna yi wa ubangida aikin gandu. Wakilin ubangida ne ke shugabantar kotun, amma mutanen garin su ne ke faɗin abin da al'ada ta tanada, daga baya kuma rantsattsu daga cikinsu suka karɓi yawancin wannan aiki. A manyan mano ana zama duk bayan mako uku, kusan sau 17 ke nan a shekara. Ƙanana kuwa sau biyu ko uku ya ishe su.

Abin da ke ciki shi ne rayuwar ƙauye tsirara. Wanda shanunsa suka shiga gonar ubangida, wanda ya ƙi fitowa girbi, wadda ta biya kuɗin izinin aure, wanda ya mutu aka karɓi mafi kyawun dabbarsa, ɗan da ya biya kuɗin shiga gonar mahaifinsa, mai bin maƙwabcinsa bashin sha'ir. A aikace ƙarar bashi ko ɓarna ba ta kai sule 40 a nan, iyakar da aka saba dangantawa da dokar Gloucester ta 1278. Dokar Marlborough ta 1267 kuma ta tabbatar ba a tilasta wa mai 'yanci ya amsa ƙara a kan gonarsa ta 'yanci sai da takardar umarnin sarki. Saboda haka mai neman manyan shari'o'in ƙasa ba nan zai same su ba.

A kusa, ga yadda abin yake. Fatar tunkiya ce da aka gyara, doguwa mai ɗan faɗi, an haɗa da dama an naɗe. A sama an rubuta sunan mano da ranar zama, kamar Litinin ta farko bayan idin mala'ika Mika'ilu a shekara kaza ta sarautar sarki. Sai jerin masu uzuri, sai ƙararraki layi biyu-biyu ko uku-uku. Wanda aka samu da laifi a ce yana "in misericordia", wato yana hannun rahamar ubangida, amma magatakarda ba ya rubuta kalmar duka, "mia" kawai zai sa da ɗan layi a sama. A gefen hagu sai a ga "iij d", kwabo uku ke nan, domin a lambar Romawa ta lokacin harafin i na ƙarshe j yake komawa. A can ƙasa akwai jimillar kuɗin zaman. Wannan jimilla ita ce dalilin rubuta takardar tun farko, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa ya tsira daga rabin kurakuran fannin.

Wajen ɗorewa babu kamarta. Daga cikin mafi tsufa akwai na gonakin gidan ruhubanawan Bec da ke Ingila, waɗanda suka fara daga 1246, kuma F. W. Maitland ya buga wani sashe nasu a 1889 a jerin littattafan Selden Society, Latin a shafi ɗaya, fassarar Turanci a ɗaya. Na Wakefield a Yorkshire sun taso daga 1274 har 1925, kuma an buga juzu'ai da yawa nasu a fassare. Na Halesowen ne Zvi Razi ya yi aiki da su daga 1270 zuwa 1400, Judith Bennett kuma ta yi da na Brigstock wajen nazarin rayuwar mata. Amma giɓi na nan. A tawayen manoma na 1381 an ƙone naɗe-naɗen kotu da gangan a wurare da yawa na Essex da Kent da kewaye, tunda a cikinsu ake samun shaidar cewa wane bilen ne. Don haka akwai mano da dama da takardunsu suka fara daga bayan wannan shekara kawai.

Tsada ta kasu biyu. Neman inda takardun suke kyauta ne, ta rajistar Manorial Documents Register da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan ke kula da ita a intanet. Sai dai rajistar wuri take nunawa, ba hoto ba. Takardun kansu a warwatse suke: wasu a Kew ƙarƙashin lambar SC 2 da DL 30, da yawa a ma'ajiyoyin larduna, wasu a kwalejojin Oxford da Cambridge, wasu har yanzu a hannun iyalan da suka gaje su. A Kew katin karatu kyauta ne kuma ana barin mutum ya ɗauki hoto da kansa, ma'ajiyoyin larduna kuwa da yawa suna karɓar kuɗin hoto na yini. Wanda ya aika wani ya ɗauko masa, ya jaddada masa ya juya kowace fata, domin ana ci gaba da rubutu a bayanta, kuma a nan ake yawan rasa rabin zama.

Haɗarin yana da yawa. Sunan dangi bai zauna ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 14, don haka mutum ɗaya kan fito da sunan sana'arsa yau, gobe da sunan unguwarsa, alhali masu suna John uku na iya zama mutum ɗaya ko mutum uku. Matar aure sau da yawa tana ɓoye a bayan sunan mijinta. Ƙauye ɗaya na iya rabuwa tsakanin mano biyu ko uku, musamman a gabashin Ingila, sai ka ɗauka kana kallon gari duka alhali kashi ɗaya ne a gabanka. Ƙararrakin bashi da yawa ba su kai ga hukunci ba, an biya kuɗin izinin sulhu an tafi, abin da aka daidaita a kai kuwa ba a rubuta ba. Ƙirga yawan jama'a daga waɗannan takardu ya taɓa jawo doguwar muhawara tsakanin Razi da L. R. Poos da Richard Smith a shekarun 1980, kuma duk wanda zai yi ƙidaya sai ya san abin da kowane ɓangare ya ce. Akwai kuma nauyin aikin. In zama ɗaya na da abu 30, shekara ɗaya ta haura 500, shekara 20 ta haura 10,000, kuma kowanne sai an shigar da shi kwamfuta da hannu.

Duba lamuni da kotunan gunduma

A yawancin kudanci da tsakiyar Ingila, duk namijin talaka da ya kai shekara 12 dole ya shiga ƙungiyar lamuni, wadda a ƙa'ida ta mutum goma ce, kowa na tsaya wa ɗan'uwansa. Dubawa ko kowa na cikin ƙungiyarsa haƙƙin sarki ne, wanda sherif, babban jami'in sarki a lardi, ke yi a zagayensa na gundumomin lardin. Babbar takardar haƙƙoƙi ta Magna Carta ta 1217 ta taƙaita zagayen zuwa sau biyu a shekara, bayan Ista da bayan idin Mika'ilu na 29 ga Satumba. Sai dai masu ƙasa da yawa sun karɓe wannan haƙƙi a yankunansu, wasu da takarda, wasu da daɗewar al'ada. Gundumomin ma haka: lissafin Helen Cam ya nuna cewa a 1274, daga cikin 628, guda 358 suna hannun masu ƙasa. Shugaban gidan ruhubanawan Bury St Edmunds shi kaɗai yana riƙe da takwas da rabi a yammacin Suffolk.

A nan ba mai ƙara da wanda ake ƙara. Shugabannin ƙungiyoyi ne ke tashi su kawo rahoto: wa ya zubar da jini, wa ya yi kururuwar neman agaji ba dalili, wa ya tare hanya ko ya karkatar da ruwa, wa ya sauki baƙo fiye da ƙa'ida, wa ya sayar da burodi ko giya saɓanin farashin da doka ta sa. Karatunsu ya fi na kotun mano sauƙi, domin jimlolin maimaituwa suke yi, wanda ya iya guda ashirin ya iya yawancinsu. Tsadarsu ɗaya da ta mano, tunda sau da yawa a naɗi ɗaya suke, a ƙarƙashin taken "visus franciplegii". Na kotunan gunduma zalla kuwa kaɗan ne suka tsira.

Babban tarkon shi ne ɗaukar kowace tara a matsayin laifi. Idan mata goma sha biyar suna biyan taro-taro a kan giya kowane zama shekara da shekaru, wannan ba jerin masu laifi ba ne, kuɗin lasisi ne aka sa wa rigar tara. Haka nan hauhawar yawan tara na iya nufin an sami sabon wakili mai kwaɗayi, ba wai mutane sun lalace ba. Wanda kuma ya zaɓi can arewacin ƙasar ya sani tsarin lamunin bai kafu a lardunan can ba.

Birane da kasuwannin shekara

Wannan shi ne zaɓin mai sha'awar ciniki da bashi. Birnin da ya sami takardar 'yanci yana da kotunsa da al'adunsa. Na Landan sun fi kowa yawa, na Nottingham sun fara daga 1303, na Colchester daga 1310. Norwich ta kasu yanki huɗu na duba lamuni, kuma William Hudson ya buga takardunsu a 1892 da fassara. Amma wanda ke son kotun ubangida ta gaske mai harkar 'yan kasuwa, ya dubi St Ives a lardin Huntingdon. Sarki Henry na Ɗaya ya ba gidan ruhubanawan Ramsey izinin kasuwar Ista a can a 1110, fatake kuma na zuwa har daga Flanders da tufafi. Takardun kotun kasuwar sun tsira na wasu shekaru tsakanin 1270 da 1324, Charles Gross ya buga zaɓaɓɓu a 1908.

Irin wannan kotu ake wa laƙabi da ta masu ƙura a ƙafa, saboda baƙo ba zai jira mako uku ba. Ana zama kullum, wani lokaci a ɗage ƙara daga safe zuwa yamma kawai. A ciki za ka ga kwabon Allah, wato kafin alƙalamin da ke ƙulla ciniki, da sandar da ake tsagawa biyu bayan an yi mata tsaga-tsagan adadin bashi, kowa ya riƙe rabi, da yadda ake kama kayan ɗan gari saboda bashin ɗan garinsu. Ƙararrakin sun fi na ƙauye tsawo da bayani, don haka sun fi daɗin karatu amma sun fi buƙatar Latin na gaske da sanin sunayen hajoji da ma'aunai. Rauninsu shi ne giɓi: na St Ives tsalle-tsalle suke yi, ba za su ɗauki ƙidayar shekara bi shekara ba. Kuma al'adar birni ɗaya ba hujja ba ce a kan wani.

Binciken sarauta a kan ikon masu ƙasa

Da Edward na Ɗaya ya dawo Ingila a 1274 sai ya aika a tambayi rantsattsun kowace gunduma wa ke riƙe da wane haƙƙi na sarki, da irin zaluncin jami'ai. Amsoshin su ne naɗe-naɗen gundumomi na 1274 zuwa 1275. An sake wani bincike mai zurfi a 1279 zuwa 1280, wanda yawancin abin da ya tsira daga cikinsa na lardunan Oxford, Cambridge, Huntingdon da Warwick ne da 'yan sassan maƙwabtansu. Daga 1278 alƙalan sarki masu zagaye suka riƙa tsayar da masu ƙasa da tambayar "quo warranto", ma'ana da wace hujja kake riƙe da kotu, ko gungumen rataya, ko ikon rataye ɓarawon da aka kama da kaya a hannu. Dokar 1290 ta sassauta: wanda ya nuna shi da magabatansa suna amfani da haƙƙin ba yankewa tun 1189, shekarar hawan Richard na Ɗaya, an bar masa. A 1294 aka dakatar da abin.

Wannan ya fi kowanne araha. An buga naɗe-naɗen gundumomi a 1812 da 1818, shari'o'in "quo warranto" kuma a 1818, duk sun tsufa sun fita daga haƙƙin mallaka. Hotunan ainihin takardun alƙalai masu zagaye, masu lamba JUST 1, suna shafin intanet na AALT (Anglo-American Legal Tradition) na Jami'ar Houston kyauta. Wahalar ita ce bugun na ƙarni na 19 ba shi da fassara, kuma an yi shi da haruffa na musamman masu kwaikwayon gajarce-gajarcen magatakarda, don haka bugu ne amma sai an warware shi kamar rubutun hannu. Haɗarinsa kuma, muryar lauyoyin sarki ce da ta lauyoyin masu ƙasa, kowa na faɗin abin da zai fisshe shi. Shari'o'i da yawa ɗagewa aka yi ta yi ba a yanke ba, kuma Donald Sutherland ya nuna haƙƙoƙin da sarauta ta ƙwace har abada ba su da yawa. Labarin nan na John de Warenne, wanda shi ne ubangidan Wakefield, cewa ya zaro tsohon takobi mai tsatsa ya ce ga hujjarsa, daga littafin wani marubucin tarihi na zamanin ya fito, masana kuma na shakkarsa. Yana da daɗi a gabatarwa, amma kada a ɗora babi a kansa.

Kotunan manyan masarautun barori, wato manyan masu ƙasa, da na larduna ba su shiga awon ba da gangan. Suna da muhimmanci, amma abin da ya rage na takardunsu, kamar na kotun Ramsey da ke Broughton na 1258, bai kai ya riƙe kundi shi kaɗai ba.

| Takardu | Tsada | Ɗorewa | Sauƙin karatu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kotun mano | Mai yawa, sai in bugu za a bi | Mafi tsawo | Matsakaici, amma aiki tuli | Ruɗewar sunaye, ƙauye mai mano da yawa |
| Duba lamuni | Daidai da ta mano | Mai kyau a mano, kaɗan a gunduma | Mafi sauƙi | Ɗaukar kuɗin lasisi a matsayin laifi |
| Birni da kasuwa | Matsakaiciya | Mai giɓi | Yana son Latin sosai | Yaɗa al'adar gari ɗaya kan sauran |
| Binciken sarauta | Kusan kyauta | Galibi 1274 zuwa 1294 | Mai wuya | Gaskata hujjar lauya |

Kuskure ɗaya ya haɗa su duka, shi ne kwanan wata. Shekarar sarautar Edward na Ɗaya tana farawa ne 20 ga Nuwamba, tun daga 1272. Saboda haka Satumbar shekararsa ta goma 1282 ce, amma Disambarta 1281 ce. Edward ɗin ma uku ne a jere: na farko ana ce masa ɗan sarki Henry, na biyu ɗan sarki Edward, na uku kuma na uku bayan cin ƙasa, wato cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066. Wanda ya tsallake wannan ɗan layi na iya gusar da takarda shekara hamsin.

Wa ya dace da wanne

Wanda ba zai iya tafiya ba kuma Latin ɗinsa bai nuna ba, ya ɗauki Wakefield a fassare, ya yanke shekara 15 zuwa 20, ya tsaya kan tambaya ɗaya kamar bashi ko gadon gona, ya kuma faɗa a fili cewa da fassara ya yi aiki. Ya riƙa buɗe juzu'in Maitland a gefe yana gwada Latin da Turancinsa, shafi ɗaya a rana.

Ɗalibin shari'a mai tambayar daga ina ikon hukunci ke fitowa, kuma wa ke da hurumin ba da shi ko karɓe shi, binciken sarauta ne nasa, lardi ɗaya tak. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai son kwatantawa da yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa ba kotunan gargajiya na Arewacin Nijeriya takardar izini suna kasa su daraja A zuwa D, muddin bai mayar da ubangidan mano hakimi ba, ko wakilinsa alƙali, domin wakilin ba malamin fiƙihu ba ne kuma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Mai sha'awar kasuwanci, St Ives ko Norwich. Mai nazarin sana'ar mata ko tsaron gari, takardun duba lamuni, domin a jerin masu giya ne sunayen mata suka fi fitowa. Ainihin naɗe-naɗen mano da ba a taɓa bugawa ba kuwa a bar wa mai digiri na uku da ke da tallafin tafiya da shekara guda ta koyon Latin da karatun tsohon hannu, kuma shi ma kafin ya sayi tikiti ya rubuta wa ma'ajiyar ya tambayi shekaru nawa ne a jere, da ko fatun suna buɗuwa ko ruwa ya manne su.